Takalmin Baba da ƙwayar hawan jini

Takalmi ne ya tona asirin mahaifina. Tun da aka ɗora shi a kan amlodipine, kullum da yamma idon sawunsa ke kumbura, har takalminsa na zuwa Juma'a ya daina shiga. Ran nan na ga ya zura shi ba wahala. Bayan mako guda ya tsaya cak a hanyar masallaci, dafe da ƙirji, yana cewa kamar an aza masa dutsen niƙa.

"Baba, kun bar shan ƙwayar ko?"

"Maganin da ke kumbura ƙafa ai ƙoda yake ci," in ji shi.

Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya zauna ya yi masa bayani. A jikin jijiyoyin jini akwai siririyar tsoka, kuma ba ta matsewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Amlodipine da ɗan'uwansa nifedipine ƙofofin nan suke tarewa. Sai tsokar ta saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce ba tare da turereniya ba, awon ya sauka. Ba su taɓa kalsiyam ɗin ƙashi, ba su kuma hana shan nono.

Nauyin ƙirjin nan, wanda likitoci ke kira anjaina, kukan zuciya ne idan aikinta ya fi jinin da ke isa gare ta. Ƙwayar tana buɗe jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar, tana kuma rage mata nauyin da take turawa. Verapamil da diltiazem, 'yan gida ɗaya da su, har bugun zuciyar suke sassautawa. Sai dai amlodipine rigakafi ne na kullum, ba ya kashe ciwon da ya riga ya taso. Wannan aikin ƙwayar da ake sa wa ƙarƙashin harshe ne, kuma ciwon da ya ƙi lafawa na asibiti ne nan take.

Kumburin kuwa daga wannan buɗewar yake. Ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun saki fiye da masu mayar da shi, sai ruwa ya tsattsafo ya taru a idon sawu. Shi ya sa maganin sa fitsari bai cika sauke shi ba. Duk da haka likita ta auna ƙodar Baba da zuciyarsa, don su ma suna kumbura ƙafa. Da ta ga lafiya lau, ta mayar da shi daga miligiram 10 zuwa 5, ta haɗa masa da wani maganin na daban.

Yanzu ƙwayar tana kusa da butar alwalarsa, yana sha bayan Asuba. Takalmin kan ɗan matse shi da zafin Afrilu, sai na sayo masa mai maɗauri.