Hanyar Masu Leƙen Ganye

Yau sai ku ɗaura ɗamara, don filin namu zai kai ku can ƙasar Amurka, Jihar Niyu Hamsha, wajen arewa maso gabas. A can, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, watau daidai kakarmu, mutane su kan cika motoci su yi tafiyar ɗaruruwan mil don kallon ganyen itatuwa kurum. Na san wata za ta ce, ganye kuma? Ai ko 'yan garin abin ya kan ba su dariya, har sun raɗa wa baƙin suna masu leƙen ganye. To, ki bari mu je tukuna.

In kin tashi daga birnin Bostan kin nufi arewa, bayan kamar sa'a 2 sai ki isa wani ƙaramin gari, Linkon. Nan hanyar da mu ke nema ta soma, sunanta Kankamagus, sunan wani sarkin mutanen asalin ƙasar ne. Tsawonta mil 34 da rabi, daga Linkon zuwa Konwe. An buɗe ta a 1959, aka zuba mata kwalta a 1964. Ki tabbata direba ya sha mai, ke kuma ki yi guzuri, ki ɗauki rigar sanyi, gama babu gidan mai ko gidan abinci a tsakani. Ki kuma yi sammako, musamman ran Asabar ko Lahadi, in ba haka ba sai ki ƙare da kallon bayan motar wani.

Da fita gari hanya sai hawa, tana lanƙwashewa kamar maciji, har ta kai wani wuri mai tsayin ƙafa 2,855. Nan za ki sauka ki duba. Kai! Iyakar ganinki duwatsu ne a lulluɓe da daji, wani itace ja wur, wani ruwan goro, wani ruwan ɗorawa, ga kuma masu ganye kamar allura tsaye a tsakani, kore shar, su ba ruwansu da kaka. Sai ka ce mata sun yi kwalliyar Salla sun zauna a kan tudu.

'Yan makaranta, ku matso, ga dalilin wannan rini. Ganye shi ne ɗakin girkin itace. Akwai wani sinadari kore a cikinsa, kulorofil, da shi ne ya ke haɗa hasken rana da ruwa da iska su zama abinci. Sa'ad da yini ya fara gajarta, itace ya san sanyi na tafe, wanda zai daskarar da ruwan ƙasa. Maimakon ya yi asara, sai ya warware koren nan, ya janye abin amfanin da ke ciki ya adana a rassa da saiwa, kamar yadda mace mai hankali ta ke kwashe shanya kafin hadari. Da kore ya kau sai ɗorawa ta bayyana. Ita dā ma tana nan tun farko, kore ne ya rufe ta. Amma ja sabo ne. Ganye ya kan yi shi daga sukarin da ya rage masa, in an sami rana mai haske da dare mai sanyi. Shi ya sa ba kowace shekara ce ta ke yin kyau ɗaya ba. Fari ya kan ɓata ta, iska mai ƙarfi kuwa ta kan kakkaɓe dutse guda cikin dare ɗaya. Kukarmu ma ƙishirwa ce ke sa ta zub da ganye da rani, sai dai ita ba ta tsayawa yin ado.

Sarkin ado a nan shi ne itacen mefil. Shi ne kuma a ke tsaga wa jiki a ƙarshen sanyi a tari ruwansa a dafa, galan 40 ya ba da galan 1 na wani abu mai zaƙi kamar maɗi.

Kada ki ɗauka dajin nan haka ya ke tun fil azal. Wajen 1890 zuwa 1910 masu cinikin katako sun shigo da jirgin ƙasa har cikin kwazazzabai, suka yi wa duwatsu da yawa aski ƙwal. Busassun rassan da suka bari suka zama makamashi, a 1903 gobara ta ci daji mai yawa. Ƙasa ta zaizaye, koguna suka riƙa yin ambaliya da damina, su ƙafe daga baya. Da abin ya ishi jama'a, sai wani ɗan majalisa haifaffen jihar, John Weeks, ya tsaya kai da fata har aka yi doka a 1911, wadda ta ba Gwamnati ikon sayen irin wannan ƙasa ta tsare ta. A 1918 aka kafa gandun dajin, yau faɗinsa ya kai wajen eka 800,000. Itatuwan nan masu farin ɓawo kamar takarda, masu ganye ruwan ɗorawa, su ne ke fara tsirowa inda wuta ta ci. Saboda haka in kin gan su sun yi cincirindo a gefen dutse, galibi tabon ɓarna ki ke kallo, wanda ya warke. Ni a ganina wannan ya fi launin kansa abin mamaki.

Daga nan sai gangara, hanya ta bi gefen wani kogi mai gudu a kan duwatsu. Can za ki ga wani ɗan gidan katako shi kaɗai a bakin hanya, wanda aka gina a 1832. Ki tsaya, gama labarinsa namu ne mata. Wata mace ce ta zauna a ciki, Ruth Colbath. Ran nan a 1891 mijinta ya fita, ya ce mata yanzu zai dawo. Shiru ka ke ji. Baiwar Allah nan ta kunna fitila ta ajiye a taga don ya ga hanya in ya zo da dare. Haka ta yi ta yi kowane dare har shekara 39, ta rasu a 1930. Bayan shekara 3 sai ga gogan naku ya dawo, ya tarar an riga an raba gado, ya juya ya sake tafiya abinsa. Masu yawon buɗe ido su kan yaba haƙurinta. Ni dai na ji haushi, don ko wasiƙa ɗaya ai ta isa ta hutar da ita. Ku me kuka gani?

Gaba kaɗan akwai gada ta katako mai rufi kamar ɗaki, ta 1858. An yi mata rufin ne don kada ruwa ya ruɓar da ginshiƙanta. In kin tsaya a kanta za ki ga jajayen ganye na bin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Saura 'yan mil kaɗan ki shiga Konwe, inda a ke sayar da tuffa da kabewa a bakin hanya. Ki sayi kwalbar maɗin mefil ki yi wa yara tsaraba.