Kafin Ka Ja Igiyar Inji

Ɗana, an gaya mini ka samu injin yankan itace, har ka fara fita aiki da shi. Allah ya sanya albarka. Amma ka ba ni aron kunnenka, domin na ga mutane sun shiga wannan sana'a da ƙafa biyu da yatsu goma, ba duka ne suka fita da su ba. Sarƙar da ke zagaya bakin injin nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Kafin yatsanka ya saki totur, haƙora masu yawa sun riga sun bi ta wurin. Kuma ba yanka mai tsabta take yi da likita zai haɗa ya ɗinke ba. Yagar nama take yi, ta tafi da wani, ta cusa mai da garin itace a cikin abin da ya saura.

Yawancin raunukan da na gani ba a gindin itace suka fara ba. Tun daga gida suka fara, a hannun wanda ya saɓi inji ya fita bai duba shi ba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan sarƙa.

Sarƙa mai kaifi ita ke jan kanta cikin itace, kai riƙo kawai kake yi. Idan ta dakushe sai ka ga kana danna inji da ƙarfin kafaɗa, kana jijjiga shi, gumi na zuba, hannu na mutuwa. Wanda ya jingina nauyinsa a kan inji kuwa, da zarar itacen ya rabu gaba zai tafi, bakin injin ya sauka a gwiwarsa ko a kan ƙafarsa. Ka riƙa duban abin da ke zubowa ƙasa. In manyan ɓarɓashi ne masu kauri, sarƙa na da lafiya. In gari ne laushi, ko ka ji ƙauri, ko hayaƙi na tashi daga wurin yankan, kashe inji ka zauna ka wasa ta. Itatuwanmu na arewa ɓawonsu cike yake da rairayin da iska ta cusa musu, kuma taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin haƙora. Na cikin gari sun fi sharri: dogon yaro da ke ƙofar gida ba ya rasa ƙusa ko waya da ya haɗiye shekaru da suka wuce.

Wasa sarƙa sana'a ce mai zaman kanta. Magagari mai zagaye ake sawa, wanda kaurinsa ya dace da sarƙarka, a karkace shi kamar digiri 30 idan yankan gicciye za ka yi. Masu tsaga katako a tsawonsa suna rage karkatar zuwa kusan digiri 10. Daga cikin haƙori zuwa waje ake turawa, in za ka dawo da hannu ka ɗaga magagarin. Adadin gugar da ka yi wa haƙori ɗaya shi za ka yi wa kowanne, dama da hagu, in ba haka ba yankanka zai riƙa karkacewa, bakin inji ya riƙa maƙalewa. Sannan akwai ɗan tudun ƙarfe a gaban kowane haƙori, shi ke ƙayyade zurfin cizon da haƙorin zai yi. A yawancin sarƙoƙi tazararsa da saman haƙori ba ta kai milimita ɗaya ba. Za ka haɗu da masu ce maka ka goge shi sosai don inji ya ci da sauri. Kada ka biye musu. Zai ci da sauri, amma zai riƙa fizgarka, kuma ranar da ya yi harbi zai yi shi da ƙarfin da hannunka ba zai tare ba.

Ɗaurin sarƙa ma a duba shi kullum, inji a kashe, kuma da safar hannu. Kada ta yi lilo a ƙarƙashin ƙarfen da take zagayawa, kada kuma ta ɗaure har ka kasa jan ta da hannu. Sabuwar sarƙa tana saurin saki, sai an yi ta gyara ta. In ka ƙara mata ɗauri tana da zafi, to ka sassauta ta da an tashi aiki, domin in ta huce tsukewa take yi, ta ja abin da ke juya ta har ta lalata shi. Shi kansa ƙarfen ka riƙa juya shi, sama ya koma ƙasa, don ya cinye daidai, ka kuma sa tsinke ka share kwarin da sarƙa ke bi da ɗan ramin da mai ke fitowa.

Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai irin na mota. Man da ka gauraya cikin fetur shi kaɗai ke shafa fistin. Na zamani yawanci kashi 50 na fetur ne a kan kashi 1 na mai, wato lita 5 na fetur, mililita 100 na man da aka rubuta 2T a jikin robarsa. Wasu tsofaffi suna son ninkin haka. Abin da littafin injinka ya ce shi za ka bi, kuma ka auna da sirinji ko marfin awo, ban da ƙiyasin ido. In mai ya yi kaɗan fistin ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. A jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tankin inji ba, kuma kada ka haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye. Fetur ɗin bakin titi da ba ka san asalinsa ba, arharsa ba ta kai kuɗin fistin da ringi ba. Sarƙa kuwa manta daban ne, kuma na san kusan kowa baƙin man da aka juye daga mota yake zuba mata saboda araha. Cike yake da garin ƙarfe, yana cin famfon mai, yana cin sarƙa, kuma duk yini kana shaƙar feshinsa. Kafin ka fara aiki, nuna bakin inji ga wani kututture ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta. In ba ka ga layin mai ya fantsama ba, sarƙa a bushe take gudu. Matatar iska kuwa, a lokacin hunturu kowace rana sai an buɗe ta an kakkaɓe.

In za ka ƙara fetur, kashe inji ka bar shi ya ɗan huce, ka goge abin da ya zube, ka matsa aƙalla mita 3 daga wurin kafin ka tayar. Ba taba, ba wuta a kusa. A ƙasa ake tayar da inji: ƙafar dama cikin mariƙin baya, hannun hagu a mariƙin gaba, birkin sarƙa a kulle. Wannan tayarwar ta burga da samari ke yi, su wurga inji ƙasa da hannu ɗaya su fizgi igiya da ɗayan, na ga ta buɗe cinyar mutum. Kuma in inji na aiki ba ka taɓa totur ba amma sarƙa na tafiya, akwai gyara, kai shi wurin makaniki kafin ka sake fita.

Yanzu maganar harbi. Sashen sama na ƙarshen bakin inji, wurin da sarƙa ke lanƙwasawa, in ya taɓa reshe ko dutse ko wani gungume da ba ka lura da shi ba, bakin gaba ɗaya zai taso sama ya nufo fuskarka cikin ƙiftawar ido. Ba ƙarfi ke tare shi ba, tsayuwa ce da riƙo. Hannu biyu koyaushe, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin ta ƙasa, gwiwar hannun a miƙe. Ko kai bahago ne haka za ka riƙe, don haka aka ƙera shi. Ka tsaya ɗan hagu da layin yankan, yadda in ya taso zai wuce ta gefen kafaɗarka. Kada ka yanka abin da ya wuce tsayin kafaɗa, kada ka hau tsani ko ka hau itace da shi. Garkuwar da ke gaban hannun hagunka ita ce birki, wuyan hannu ke buga ta ta tsayar da sarƙa. Wasu kan cire ta wai tana damunsu. Wanda ya ba ka inji ba birki, alhali da shi aka yi shi, mayar masa da abinsa. Babban injin nan na kamfanin Stihl na Jamus da ake kira 070, wanda masu tsaga katako a dazukan Najeriya da Ghana da Kamaru suka saba da shi, da bakinsa da mansa ya haura kilo 15, kuma da yawa daga cikin tsofaffin manyan injuna irinsa ba su da birkin ma sam. Ba da shi ake koyo ba.

Babbar riga, rawani, mayafi a wuya, silifa, duk a bar su gida. Takalmi mai ƙarfe a baki, hular kwano, tabarau, safar hannu. Akwai wando na musamman mai dogayen zare a ciki, in sarƙa ta taɓa shi zaren ya cushe ta ta tsaya. Yana da tsada, yana da zafi, amma in ka samu hali ka saya kafin ka canja waya. Kunne kuma kada ka raina shi. Ƙarar injin ta haura desibel 100, alhali wadda ta kai 85 ma tana lalata ji in an daɗe a cikinta. Je ka yi hira da tsofaffin wannan sana'a, ka ga sau nawa za ka maimaita magana.

In ka je kayar da itace, kafin ka dubi gindinsa ɗaga kai ka dubi samansa. Ina ya karkata? Ina iska ke kaɗawa? Akwai busasshen reshe da girgiza za ta sako? Akwai zuma? Akwai wayar lantarki? Buga gindin da bayan gatari ka ji ko kogo ne, domin itacen da gara ta cinye cikinsa ba ya bin umarnin kowa. Ka share hanyar gudu a bayanka, a karkace, ba daidai bayan itacen ba, saboda gindi yakan yi tsalle ya dawo. Sannan ka fara buɗe baki a ɓangaren da kake so ya faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen. Ka koma baya ka yanka ɗan sama da ƙasan wannan bakin, amma kada ka haɗe su. Ka bar kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin a tsakani. Wannan ɗan abin da ka bari shi ke riƙe itacen ya bi da shi, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. Wanda ya yanke shi ya sallama itacen, duk inda ya ga dama can zai faɗi. Weji na itace ko na roba ake sawa, na baƙin ƙarfe yana fasa sarƙa. In itace ya faɗi ya rataye a jikin wani, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa, a jawo shi da igiya daga nesa.

Ka san halin garuruwanmu, da an ji kukan inji yara sun cika wuri, mata na jiran ƙirare. Kowa ya ja baya ninki biyu da rabi na tsawon itacen. In ba su matsa ba kada ka tayar, ko mai aikin zai yi fushi. Kai ba ka jin ihun kowa in inji na kuka.

Itacen da ke kwance ma bai gama faɗa ba, musamman wanda guguwar damina ta kayar. Reshen da aka danne a lanƙwashe, da ka yanke shi zai warware ya make ka. Gungumen da ya dogara a kan kansa biyu, fara yanka kaɗan daga sama ka ƙarasa ta ƙasa. Wanda kansa ɗaya ke lilo a iska, fara ta ƙasa ka ƙarasa ta sama. In bakin inji ya maƙale, kashe shi ka sa weji, ban da fizga. A gangare kuma ka tsaya ta saman tudu.

Akwai wani abu da ba na kaifi ba amma yana cikin raina. Abin da gatari ke yi a yini, injin nan kan yi shi kafin shayi ya huce. Kowa ya ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da Adamawa don kai wa Sin, har a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Kaɗanya da ɗorawa da kuka da gawo suna ciyar da gidaje da dabbobi suna tsaye. In an kira ka a kansu, tambayi dalili, ka nemi takardar ma'aikatan gandun daji, kuma kana da ikon ka ce a'a.

Ka ji tsoron gajiya. Bayan la'asar, ga rana ta gasa ka, ga mai mota na matsa maka a cika lodi, nan ne hannu ke sakin riƙo. In yatsunka sun fara mutuwa saboda jijjiga, ajiye. Ƙwayar tiramol da wasu ke haɗiya don ƙarin ƙarfi ba ta cire gajiya, hana ka jin ta kawai take yi, ta kuma rage maka lura. Kada ka yi aiki da wanda ya sha, ko da shi ne mai injin.

Kada ka shiga daji kai kaɗai, kuma tun kafin a fara a san asibitin da ya fi kusa da abin hawan da zai kai mutum. In tsautsayi ya auku, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, in ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ban da zuba ƙasa ko toka ko fetur ko man birki. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure saman raunin da ƙyalle mai faɗi, ba waya ko siririyar igiya ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita, kada kuma a kwance a hanya. Ko raunin ƙarami ne a je a wanke shi a asibiti, a tambayi allurar tetanus.