El Da La A Bakin Akushi

Littafin da nake rubutawa yanzu, tauraruwarsa aure ya kai ta Madrid, kuma rabin rikicinta da uwar mijinta wajen cin abinci ake yinsa. Dole ta sa na zauna koyon yadda Sifaniyawa ke kiran abincinsu, domin in marubuci ya sa wa Basifaniya gurguwar magana a baki, duk wanda ya san harshen zai ajiye littafin.

Abin da na fahimta shi ne, a Sifaniyanci sunan lokacin cin abinci ba ya yawo tsirara, sai da el ko la a gabansa. Karin kumallo el desayuno, abincin rana la comida a Sifen, a ƙasashen Kudancin Amurka da yawa kuma el almuerzo. Ɗan abin taɓawa na la'asar la merienda, na dare la cena. Uwar miji in za ta ce abincin dare ya sauka, cewa za ta yi "La cena está lista". Mu sai an riga an ambaci abu muke cewa "abincin", su kuwa tun farko suke saka alamar, domin lokaci ne sananne ga kowa: na rana wajen ƙarfe 2, na dare wajen ƙarfe 9 ko 10.

Idan de ko a suka haɗu da el sai su narke su koma del da al. "Bayan karin kumallo" shi ne "después del desayuno", amma "bayan abincin dare" yana nan "después de la cena".

Wurin da alamar ke faɗuwa shi ne aikatau, domin kowane cin abinci yana da nasa: desayunar, almorzar, cenar. "Vamos a cenar", wato mu je mu ci na dare, babu la. Haka "Quiero pan", ina son a ba ni burodi, tunda ba a ƙayyade ba. Amma "Me gusta el pan", burodi na burge ni, da el, saboda burodi gaba ɗaya ake nufi.

A babi na gaba, ranar da amarya ta fara faɗin "La cena está lista" daidai, ranar ce tsohuwar ta fara kallonta da idon rahama. Ku biyo ni.