Kek Mai Siffar Jirgin Ƙasa

Yaro zai cika shekara 6, ya ce shi kek mai siffar jirgin ƙasa yake so. Uwarsa kuwa ba ta da murhun gashi irin na Turawa. Sai ta zuba yashi a tukunya, ta aza bisa garwashi. Ta kwaɓa fulawa da ƙwai da sukari da bota, ta juye a gwangwani, ta sa bisa yashin, ta rufe. Wuyar aikin jira, gama in aka buɗe da wuri tsakiyar lotsawa take yi. Da ya huce ta yanka kan jirgi da tarago 2. Biskit ya zama ƙafafu, dabino bututun hayaƙi. Adon bota da sukari kuwa sai da la'asar ta shafa, don zafin rana narkar da shi yake yi.