Dam ɗin da ba a so ya cika

Da aka ce za a kai ni ganin dam a yammacin jihar Oklahoma ta Amurka, dam ɗin Tiga ne ya faɗo min a rai. Sai ga mu a tsakiyar gonar wani dattijo, ya nuna min wani dogon tudun jar ƙasa da ciyawa ta lulluɓe, da ɗan tafki a bayansa, shanu na shan ruwa. Na ce, "Shi ke nan?" Ya yi dariya, ya ce shi ke nan.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan na can ƙasa, ko kusa da bakin tudun bai zo ba. Ashe da gangan ne. Gurbin da aka bari na ruwan da bai sauka ba ne tukuna. A cikin tafkin akwai wata 'yar hasumiya ta siminti, daga gindinta bututu ya ratsa ƙarƙashin tudun. In aka tafka ruwa rafi ya taso, sai dam ɗin ya tare shi, bututun ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har kwanaki. Ruwan da zai auka wa gari a dare ɗaya, sai ya wuce salin-alin. In kuwa ya fi ƙarfin bututun, akwai faffaɗar hanya mai ciyawa a gefe da zai malala ta nan, don kada ya haura tudun ya cinye shi.

Wuya ce ta koya wa mutanen jihar wannan dabara. A watan Afrilun 1934 kogin Washita ya yi ambaliya a yankin Hammon, mutum 17 suka rasu. A 1948 aka gina dam na farko irin wannan a rafin Cloud Creek, kusa da Cordell. Yau jihar na da sama da 2,000, galibi a gonakin mutane.

Na ga ko bishiya ɗaya babu a kan tudun, na ce ai da inuwa ta yi kyau. Dattijon ya girgiza kai: saiwa in ta ruɓe hanyar ruwa take zama, don haka da tsiro ya leƙo ake sare shi. Nan na tuna dam ɗin Bagauda, da ya ɓalle a watan Agustan 1988.

Yawancin waɗannan madatsun ruwa na Oklahoma an gina su ne da lissafin shekara 50, kuma da yawa sun riga sun haura.