Mun Sayi Shadda Kafin Mu Ga Doki: Tafiya Daga Yelwa Zuwa Wara Da Shanga

Saura kwana goma Ƙaramar Sallah muka dawo Yelwan Yauri hutu, mu shida 'yan unguwa ɗaya, kowa daga makarantarsa. Tun muna aji uku na sakandare muke da burin wata rana mu hau dawaki a bayan wani mai sarauta na unguwarmu, kayanmu iri ɗaya, kamar yadda muke ganin yayyenmu suna yi. Bana muka ce ko ana ha maza ha mata sai mun hau. Kuɗin da muka tara na wata takwas ne, daga ɗan abin da ake aiko mana na abinci. Ku ƙannenmu da ke makarantar kwana kun san abin da ake nufi da mutum ya rage garin kwakinsa don wani buri.

Kuskurenmu na farko mun yi shi tun kafin mu iso gida. Mun ga hoton wasu mahaya a waya sanye da shuɗi mai duhu, ya burge mu, muka aika aka sayo shadda, aka kai wa tela. Sai daga baya muka nufi rumfar wani tsohon baduku da ke gyaran sirdi da linzami. Ya karɓi ƙyallen ya jujjuya, ya dube mu.

"Samari, ina dawakin?"

"Baba, ai su za mu je nema gobe."

Ya yi dariya har sai da ya aje basillarsa. Ya ce shi tun tasowarsa doki ake fara gani, sannan a zaɓa masa kaya, mahayi ne na ƙarshe. Ya zauna ya karanta mana launukan dawaki kamar mai biya allo: akawal shi ne baƙi, kili fari, gunya mai hasken madara, hurde mai dabbare-dabbare, bikili ja mai duhun gezo da wutsiya. Ya ce in ka ɗora shuɗi mai duhu a kan akawal, daga nesa kai da dokin kun zama dunƙule ɗaya, ba mai gane inda mutum ya ƙare dabba ta fara. Baƙin doki haske yake so, fari ko ruwan ƙwai ko aikin azurfa. Kili kuwa kusan komai yana ɗauka, amma shi ne mai tona asirin kayan banza. A lokacin ba mu gane wannan maganar ta ƙarshe ba.

Ya ƙara gargaɗi ɗaya: kada mu kuskura mu haɗa ja da kore a jikinmu, domin wannan shigar dogarai ce. A filin hawa launi yana faɗin matsayin mutum, kamar yadda naɗin rawani da alkyabba ke faɗi, kuma ɗan makaranta da ya ari doki ba ya shigar da za ta sa a ɗauke shi a matsayin da ba nasa ba.

Washegari muka kama hanyar Kontagora zuwa Birnin Yauri, wanda aka fi kira Bin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski. Nan ne tsohuwar hedikwatar masarautar kafin ta koma Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Abin kunya ne a ce mun sha wuce garin a mota ba mu taɓa sauka ba, alhali mun haddace a aji cewa Yauri na cikin Banza Bakwai kuma Mungo Park ya ratsa ƙasar ta kogin Kwara a 1806 kafin ya halaka a Busa. A gidan wani abokin kawunmu muka samu dawaki uku, akawal biyu da bikili ɗaya. Muka shimfiɗa ƙyallen shaddarmu a bayan akawal ɗin muka ja da baya taku ashirin. Baba baduku ya yi gaskiya, ƙyallen ya ɓace.

Daga nan muka gangara Wara, hedikwatar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Ba mu samu doki ko ɗaya da za a ba mu ba, amma ba mu yi da-na-sanin zuwa ba. Ruwan ya shimfiɗu har ido ya gaji. Madatsar da ta tara shi tana can jihar Neja, an kammala ta a 1968, kuma ruwan da ya taru ya cinye tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da suka gaji zama a tsibiran kogin. Wani dattijo mai gyaran koma ya nuna mana tsakiyar ruwa da haɓarsa, ya ce gonar albasar mahaifinsa tana can ƙasa. Bai ƙara komai ba, mu ma muka yi shiru.

A ƙasarmu jirgin ruwa ya fi doki yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa bikin da aka fi sanin Yauri da shi a waje shi ne Rigata, tseren jirage da wasannin ruwa. Muna zaune jiran shan ruwa muka lura da yadda masu jirage ke fentin nasu: jiki launi ɗaya mai ƙarfi, sannan siririn layi mai haske a baki, yadda za a gane jirgin tun yana nesa. Ɗaya daga cikinmu ya ce to ai maganin matsalarmu ke nan. Rigunan sun riga sun ɗinku, ba kuɗin sake wasu. Abin da ya rage shi ne a raba shuɗin da baƙin doki da wani abu mai haske. Da soyayyen kifi da kunu a gabanmu muka yanke shawara: farin rawani ga kowa, farar jalala a ƙarƙashin sirdi, sannan launi ɗaya da zai ɗaure mahayi da doki, ruwan ƙwai, a ɗan goshi da ɗan ƙirji da kuma ɗamarar kowannenmu.

A Ingila da Jamus da Ostireliya ma mahaya suna wannan lissafin. Akwai gasar dawaki mai matakai uku, rangaji cikin fili, gudu a daji ana tsallake shinge da ruwa, sai tsallake sanduna, wadda take cikin wasannin Olimfik tun 1912. A matakin daji mahayi kan zaɓi launinsa, ya sa rigarsa da murfin kwalkwalinsa su dace da ƙyallen ƙarƙashin sirdi. Bambancin shi ne a can ra'ayin mutum ɗaya ne, a nan kuwa ayari ake kallo, kuma kuskuren mutum ɗaya na kowa ne. Wannan tsarin ayarin na cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024.

Saura dawaki uku. Muka juya arewa zuwa Shanga, inda aka kwatanta mana wani mai kiwo. Ya fito mana da kili da gunya, masu ƙoshi, sai wani hurde kyakkyawa da duk muka zuba wa ido. Ƙaraminmu, wanda ya fi kowa ƙoƙarin tara kuɗin, ya ce wannan nasa ne. Da aka yaye bargon da ke bayansa sai ga miki ɗanye daidai inda sirdi ke zama, ƙudaje na bi. Mai dokin ya ce ba komai, a ninka zubka a rufe da jalala, ba mai gani. Gaskiya ne ba mai gani. Amma Sallar ta faɗo cikin bazara, dokin zai yini da sirdi da majayi a ɗaure, da nauyin mutum a kan ciwon. Mun yi gardama a gindin wata bishiya kusan rabin sa'a, biyu na cewa a karɓa, uku na cewa a bari. Shi mai dokin a ransa bai ce uffan ba sai can ya tashi ya shafa wuyan hurden, ya ce mu tafi.

Muka dawo da biyar. Duk inda muka ƙara tambaya a Yelwa an riga an kama.

Daren jajibere muka gwada kaya, a nan kili ya tona mana asiri. Don mu rage kashe kuɗi mun sayi wani jan zare mai araha muka yi wa linzamai tuntaye. Dokin ya yi gumi, rinin ya zuba, kumatunsa suka yi ja kamar an yanke shi. Da sabulu da ruwan ɗumi muka kwana muna wankewa, muka tsinke tuntayen duka muka zubar. Da asuba Baba baduku ya zo duba majayi, ya ga sauran jan a gashin dokin, ya girgiza kai kawai ya ci gaba da aikinsa.

Bayan an sauko daga Idi, algaita da kalangu suka cika gari, ayari-ayari na nufar ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta. Mu muna can kusa da ƙarshen namu ayarin. Fararen jalalunmu ba su kai azahar ba suka koma launin ƙasa, kuma rawanin ɗayanmu ya warware sau biyu. Ƙaramin namu ya sa shuɗiyar rigarsa da ɗamararsa ruwan ƙwai, ya riƙe ragamar kili yana tafe a ƙasa. A daidai kwanar kasuwa wasu yara suka bi mu suna ihun "ga masu ruwan ƙwai nan su shida!" Ya waiwayo ya dube mu, ƙura ta rufe masa gira, yana dariya.