Auta da Akwatin Zaɓe

Gidigir gari ne da ke bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure. Tuddan rairayi sun kewaye shi. A tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu dabino da goruba, inda a ke haƙar kanwa. A nan aka haifi wani yaro da a ke ce ma Auta, don shi ne ƙarami a ɗakin uwarsa.

Da dare, in an ci tuwo, Auta ya kan zauna gaban kakarsa tare da ƴan uwansa. Kaka ta ce: «Ga ta nan, ga ta nanku.» Yara su ce: «Ta zo mu ji ta.» Sai Gizo ya fito da wayonsa, Ƙoƙi tana bin sa, Dodo yana jira bakin gulbi. Kaka ta iya muryar kowa. Amma akwai abu guda da ba ta mantawa. Ko barci ya fara ɗaukar ta, ba ta tashi sai ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus, ta kuma faɗi da bakinta cewa ƙarya ce ta shirya masu.

Da asuba kuwa Auta ya kan ɗauki allonsa ya tafi wurin Malam. Can ba a wasa da magana. In ka ƙara wasali ɗaya, sai ka wanke ka sake. In rana ta ɗaga ya tafi lakwal, inda Mushe ya ke koya masu Faransanci.

Kawun Auta bafatake ne, yana kai kanwa Kano. Wata rana ya komo masa da tsaraba: wani ɗan littafi da bangonsa ya cire. Ruwan Bagaja ne, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1934, bayan wata gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya. Auta bai taɓa ganin Hausa da baƙaƙen boko ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa suka ba shi wuya kwana biyu, a na uku ya gane su. Daga nan fa ba a sake jin kansa ba. Ya bi Alhaji Imam gari gari wajen neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta dariyar yadda su ke ramuwa shi da Malam Zurƙe, ya shiga ƙasar aljannu gabansa na faɗuwa. Ya kan ɓoye littafin cikin gafaka, bayan allo.

Ran nan Malam ya kama shi. Auta ya ɗauka bulala ce za ta biyo. Sai Malam ya juya littafin, ya miƙa masa, ya ce: «Karanta mani in ji, ni ban san boko ba.»

Auta ya karanta wuri guda, muryarsa na rawa. Da aka zo kan Malam Zurƙe, Malam ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Ganin haka Auta ya yi ƙarfin hali. A lokacin allonsa ya kai Suratul Jinni. Ya ce: «Allah gafarta Malam, tun da aljannu suna cikin Alƙur'ani, ke nan na littafin nan ma gaskiya ne?»

Malam ya ce: «Aljannu halittar Allah ne, babu shakka. Amma wanda ya rubuta wannan, ya ce ka gaskata shi? Ya rantse maka?»

Auta ya ce: «A'a.»

Malam ya ce: «To, hira ce ya yi maka, kamar ta kakarka. Ka bar ta sai dare. Abin da za ka ji tsoro shi ne shaidar zur, wato ka ce ka gani alhali ba ka gani ba. Tana cikin manyan zunubai.» Ya mayar masa da littafin. Ba kowane malami ne zai yi haka ba. Da wani ne, da takardun sun ƙare cikin wutar karatu.

A 2004 Auta yana da shekara goma sha huɗu. Shekarar zaɓe ce. A watan Yuli aka zaɓi ƴan majalisun ƙananan hukumomi, a ƙarshen shekara kuma aka sake zaɓen Tandja Mamadou shugaban ƙasa. Motoci suka yi ta shigowa Gidigir da tutoci da makaɗa, ana raba shayi da sukari da turamen zane. Wani ɗan takara ya hau bayan mota a bakin kasuwa. Ya ce in an zaɓe shi kowane ƙauye zai sami rijiya, kowace unguwa likita, rairayin da ke binne kwaruruka kuma zai tsaya inda ya ke. Mutumin ya iya magana ƙwarai. Auta ya saki baki yana sauraro, kamar yadda ya ke yi gaban Kaka. Yana ta jiran wurin da za a rufe labarin. Ba a rufe ba. Aka yi tafi, aka yi guɗa, mota ta tada ƙura ta nufi Gure.

Da ya koma gida ya kwashe duka ya faɗa ma Kaka. Ta ce: «Wannan bai koyi tatsuniya wurin tsohuwa ba. Ya buɗe, bai rufe ba.»

Daminar shekarar nan ba ta yi kyau ba, ga fari ga fara. A 2005 yunwa ta shiga ƙasa. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, mata suka shiga daji neman anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Motar nan mai tuta ba ta komo ba. Kaka ma ba ta ga kakar bana ba.

Tun daga nan Auta ya riƙa cewa zaɓe aikin Gizo ne. Abin da ya biyo baya bai sauya masa ra'ayi ba: tazarce a 2009, juyin mulkin soja ran 18 ga Fabrairu 2010, sabon zaɓe a 2011. Ya karɓi katinsa na farko, ya jefa ƙuri'a don babansa ya ce a je. Ya tafi makarantar horon malamai ta Damagaram. Can ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wan Abubakar Imam, da Magana Jari Ce, inda aku ya ke tsare ɗan sarki da labari har gari ya waye. Ya fito ya zama mushe, aka tura shi wani ƙauye kusa da Gidigir.

Sai zaɓen 2021 ya zo. Ran 21 ga Fabrairu za a yi zagaye na biyu tsakanin Bazoum Mohamed, wanda ya girma a Tasker, arewa da Gure, da Mahamane Ousmane, haifaffen Damagaram, wanda ya taɓa cin zaɓen 1993. Duka biyun ƴan jihar ne, don haka gardama ta shiga har cikin gidaje. Aka sa Auta shugaban runfar zaɓe a lakwal ɗin da ya ke koyarwa.

Ana gobe zaɓe, bayan sallar lisha, ɗan kawunsa ya yi sallama. Ɗan wannan kawun ne da ya kawo littafin. Taubasai ne, ba su haɗuwa sai sun yi ma juna ba'a. Ya zauna, aka ɗora shayi, ya ce: «Bawana, na zo da aiki.»

Auta ya ce: «Yaushe bawa ya fara aiken ubangijinsa?»

Suka yi dariya. Sai taubashin ya jawo wata jaka. Katunan zaɓe ne a ciki, na mutanen da suka tafi ci-rani Najeriya da Libiya, da na makiyayan da suka yi nisa da bisashe. Ya ce: «Duk namu ne. Da suna nan, mun san wanda za su zaɓa. Gobe da azahar, in mutane sun tafi salla, sai a dangwala masu. Kai dai sa hannu ne naka.» Ya aje wasu jikkuna bisa tabarma.

Auta ya dube shi yana murmushi, yana jiran ya ce wasa ne. Bai ce ba.

Daren nan Auta bai runtsa ba. Gaskiyar magana, kuɗin sun ba shi sha'awa, don matarsa tana da tsohon ciki, ragon suna kuwa bai samu ba. Ya ce a ransa: wa zai cutu? Shi da kansa bai gaskata alkawarin kowa ba. In duk abin tatsuniya ne, mene ne laifin ƙara ma Gizo ƙafa guda? Ga kuma kunyar Kawu. Amma duk inda ya juya sai ya tuna da takardar sakamako. A ƙasanta akwai wurin da shugaban runfa zai rubuta sunansa, ya ce abin da ke sama shi ya gani. Alkawarin ɗan takara na ɗan takara ne. Wannan layin kuwa nasa ne.

Da asuba, kafin ya buɗe runfa, ya bi ta gidan da taubashin ya sauka, ya mayar masa da kuɗin. Ya ce: «Yaya, ka yi haƙuri. Wanda ya zo da ƙafarsa zai dangwala. Wanda bai zo ba, ban gan shi ba.» Bai taɓa ce masa Yaya ba sai ran nan.

Da azahar bai bar akwati ba sai da ya tsayar da wakilan ɓangarorin biyu a kansa, ya yi salla bakin ƙofa. Da dare aka kunna fitila, aka bar ƙofa buɗe. Ya riƙa ɗaga ƙuri'a ɗaya ɗaya kowa ya gani, ana ja bisa allon aji da alli. Aka ƙidaya sau biyu. Ya sa hannu, wakilai suka sa.

Hukumar zaɓe ta ce Bazoum ya ci da wajen kashi 55 cikin ɗari. Ousmane bai yarda ba. Aka rantsar da Bazoum ran 2 ga Afrilu. A gidan Auta kuwa aka yi suna da ɗan akuya, kuma daga gidan Kawu babu wanda ya zo. Wannan ya fi rashin ragon ciwo.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gomnati, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa duka. Bayan haka ne taubasan suka yi kiciɓis a kasuwar Gidigir, wajen masu dabino. Shekara huɗu ba su yi wasa ba. Taubashin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce: «Bawana, ina akwatin naka?»

Auta ya rasa amsa mai daɗi. Ya ce: «Abin da na ƙidaya na sa ma hannu.»

Taubashin ya ce: «To, ƙidaya mani dabinon nan, kai za ka biya.» Auta ya biya.

A ajinsa, kowace ranar Juma'a kafin a tashi, ya kan karanta ma yara shafi biyu na tsohon littafin nan marar bango. A farkon shekara kuma su kan zaɓi shugaban aji. Kwalin sukari ne akwatinsu, an huda shi a bisa. Bana wata yarinya ce ta yi ƙidaya a gaban allo. Da ta gama ta tsaya, ta sake duban aji, ta ce: «Mushe, ƙuri'a ta fi mu da ɗaya.»

Aji ya yi tsit. Can baya wani yaro ya sunkuyar da kai.

Auta ya zazzage kwalin, ya ce kowa ya yago sabuwar takarda.